Zaƙin Da Aka Tsayar A Rabin Hanya: Jar Giyar Inabi Mai Matsakaicin Zaƙi

Duk ɗan inabin da ya nuna yana ɗauke da sukari iri biyu, gulukos da furuktos, kusan kai ɗaya. Idan aka matse shi aka ajiye ruwan, ƙwayoyin yis da ke yawo a gona da jikin mazubi sai su far wa sukarin nan, suna ci suna fitar da barasa da iskar kabon. Ba sa dainawa don raɗin kansu. Ko dai abincin ya ƙare, ko kuma barasar da suka samar ta yi musu yawa ta kashe su, abin da kan faru idan ta kai wajen kashi 15 cikin ɗari. Shi ya sa galibin jar giyar inabi ta duniya ba ta da zaƙi sam, duk da cewa daga ɗan itace mai zaƙi ta fito. Yis ya riga ya cinye komai.

Wadda ake kira mai matsakaicin zaƙi kuwa aiki ne da aka katse. Wani abu ya shiga tsakanin yis da abincinsa tun bai ƙoshi ba, sai ragowar sukarin ya zauna a cikin kwalba. Duk sauran bayanin da za a yi a kanta daga nan ya samo tushe: irin inabin da ya dace da ita, ƙasar da ta fara yin suna da ita, dalilin da ya sa masana da yawa suka daɗe suna yi mata kallon raini, da abincin da ke tafiya da ita a faranti.

Lissafin ba shi da wuya. Yis na buƙatar kimanin giram 17 na sukari a kowace lita kafin ya samar da kashi 1 cikin ɗari na barasa. A ce an tsinki inabi mai giram 240 a lita. Idan aka bar yis ya gama aikinsa, za a sami giya mai wajen kashi 14 marar zaƙi. Idan kuma aka tsayar da shi bayan ya cinye giram 200, barasar za ta tsaya ƙasa kaɗan da kashi 12, a bar giram 40 na sukari. Wannan giram 40 ɗin shi ne batunmu. Dokar Tarayyar Turai ta shata iyakokin: giyar da sukarinta bai wuce giram 4 a lita ba marar zaƙi ce, daga nan zuwa 12 mai ɗan ɗanɗanon zaƙi ce, daga 12 zuwa 45 ita ce mai matsakaicin zaƙi, abin da ya haura 45 kuma mai zaƙi ce kai tsaye. Dokar ta ɗan sassauta iyakokin farko idan giyar na da tsami sosai, kuma wannan sassaucin shi kansa darasi ne, domin ya nuna masu dokar sun san harshe ba ya auna sukari shi kaɗai. Don a gane girman adadin, Coca-Cola na da sama da giram 100 na sukari a lita, wato fiye da ninki biyu na giram 40 ɗin nan.

Akwai wani ƙaramin sirri a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Yis ya fi son gulukos, shi yake fara ci. Saboda haka idan aka katse tsimuwa a tsakiya, yawancin abin da ya rage furuktos ne, wanda ya fi gulukos zaƙi nesa ba kusa ba, kuma zaƙinsa na zuwa da wuri ya wuce da wuri. Wannan na cikin dalilan da suka sa giyar da aka tsayar da tsimuwarta take bambanta a baki da wadda aka gama tsimawa sannan aka zuba mata ruwan inabi mai kauri daga baya, ko da ma'aunin sukarinsu ya zo ɗaya.

To wa ya fara katse aikin yis? A ƙasar Jojiya, wadda ke gindin tsaunukan Kokeshiya, amsar ita ce sanyi. Ƙasa ce da ta daɗe da inabi ƙwarai: a shekarar 2017 masu bincike suka bayyana cewa sun gano alamun giyar inabi a jikin fasassun tuluna a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tibilisi, babban birnin ƙasar, waɗanda suka kai shekara dubu takwas. Har yau wasu na tsima inabi a cikin manyan tulunan yumɓu da ake binnewa a ƙasa, waɗanda suke kira kwebri, kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin kayan gadon bil'adama a 2013. A arewa maso yammacin ƙasar akwai yankin Racha, wanda bai kamata a rikita shi da ƙasar Rasha ba. Yanki ne na tuddai, kogin Rioni ya ratsa shi. Manoman can suna barin inabinsu ya daɗe a jikin kurangarsa har ya tara sukari, su tsinke shi can cikin kaka. Kafin yis ya kai ƙarshen aikinsa, sanyin hunturu ya sauko daga kan duwatsu ya shiga ɗakin ajiya. Yis ba ya mutuwa da sanyi, barci yake yi. Sai a wayi gari da jar giya mai ragowar zaƙi ba tare da kowa ya sa mata komai ba.

Mafi shahara daga wannan yanki ita ce Khvanchkara, sunan wani ƙauye kusa da Ambrolauri. Da inabi iri biyu ake yin ta, Aleksandrouli da Mujuretuli. A ƙarshen ƙarni na 19 ana kiranta giyar Kipiani, da sunan gidan sarautar da ya inganta ta, ta kuma ciyo lambar yabo a bajekolin Ostend na ƙasar Beljiyam a 1907. A zamanin Tarayyar Sobiyet, a 1932, aka sauya mata suna zuwa na ƙauyen. Ana yawan cewa Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, wanda shi ma haifaffen Jojiya ne, yana matuƙar sonta, kuma wannan labari ya sayar da kwalabe masu yawa.

Sai dai barci ba mutuwa ba ne, kuma a nan matsalar take. Da zarar ɗumi ya dawo, yis sai ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Giyar da aka ɗura a kwalba tana da zaƙi za ta iya gurɓacewa, ta yi kumfa, ta tunkuɗe murfi, wani lokacin ma kwalbar ta fashe saboda iskar da ta taru. Shekaru aru-aru irin wannan giya ta kasance abin sha na gida da maƙwabta, ba ta jure doguwar tafiya. Abin da ya fitar da ita kasuwar duniya kayan aiki ne. Akwai tankunan ƙarfe masu sanyaya ruwa zuwa kusa da daskarewa a duk ranar da mai sana'a ya ga dama. Akwai hayaƙin farar wuta, wanda ke danne ƙwayoyin halitta. Sama da duka akwai matata mai ƙananan ƙofofi, wadda Jamusawa suka ƙware a kanta a farkon ƙarni na 20. Ƙofar matatar yau ba ta kai rabin maikiron ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar yis kuwa ta ninka haka sau da yawa, don haka ba ta iya wucewa. A sanyaya, a tace, a ɗura a kwalba mai tsabta: abin da hunturun Racha ke yi bisa sa'a, injin ya mayar da shi abin da ake tsarawa.

Ba wannan ce kaɗai hanyar samun zaƙi ba. A Fotugal ana zuba tatacciyar barasa a cikin giyar da ke tsimuwa don a kashe yis nan take, abin da ke ba da Port mai ƙarfin kusan kashi 20. A Valpolicella ta Italiya ana shanya inabi na watanni har ya yamutse, sukarinsa ya fi ƙarfin yis, a sami Recioto. Waɗannan biyun sun haura zuwa ajin masu zaƙi sosai. Jamusawa kuma na da dabarar ware wani ɓangare na ruwan inabin tun ba a tsima shi ba, a adana, a mayar da shi cikin giyar a ƙarshe. Sai hanya mafi araha, wadda manyan masana'antu ke bi: a ɗauki giya marar armashi a zuba mata dafaffen ruwan inabi mai kauri. Doka ta yarda da hakan a wurare da dama, kuma ba guba ba ce. Amma ni a ganina babbar asara ce a haɗa wannan da aikin manomin Racha a ƙarƙashin suna ɗaya, domin a ɗaya zaƙin na inabin gonar ne da aka yi ta jira ya nuna, a ɗayan kuma mayafi ne da aka lulluɓe aibi da shi.

Yanzu ga batun irin inabi. Ba kowane jan inabi ne ke iya ɗaukar giram 40 na sukari ya tsaya da ƙafarsa ba. Sukari shi kaɗai gundura yake yi. Kurɓi biyu uku, baki ya yi nauyi. Dole a sami abin da zai ja da shi, kuma abubuwa biyu ne ke wannan aiki. Na farko tsami, wanda a inabi yawanci daga sinadarin tatarik da malik yake fitowa. Na biyu bauri, irin wanda ake ji a shayin da ya daɗe a ruwan zafi ko ayabar da ba ta nuna ba. Tanin ne ke kawo shi, daga ɓawon inabi da ƙwallayensa. Bauri ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko ɗaci, taɓawa ce: tanin na kama sinadaran furotin da ke sa yawu santsi, sai baki ya bushe ya yi kaushi. Sukari na rage jin tsami da ɗaci, su kuma suna rage jin zaƙi. Giya mai kyau ta wannan aji ita ce wadda aka ja igiyar nan ta ɓangare uku ba wanda ya kayar da wani.

Babu inabin da ya fi nuna wannan kamar Saperavi, jagoran jajayen inabin Jojiya, ƙasar da ke da nau'in inabi na gida sama da 500. Sunansa na nufin abin rini. Yawancin jan inabi idan ka ɓare shi cikinsa fari ne, launin a ɓawo kawai yake, shi ya sa ake barin ruwan ya jiƙa tare da ɓawon kafin ya yi ja. Saperavi kuwa har tsokarsa ja ce. Yana da kaurin launi kamar tawada, yana da tsami mai ƙarfi ko da ya nuna sosai, baurinsa kuma ba na wasa ba ne. Marar zaƙinsa idan yana sabo yakan yi wa mai sha tsauri, sai ya shekara a ajiye kafin ya lafa. Ragowar sukari na yi masa cikin ƙanƙanin lokaci abin da shekaru za su yi. Daga gare shi ake yin Kindzmarauli a Kvareli da ke yankin Kakheti, tun 1942, a gonakin da kogin Duruji ya shimfiɗa wa baƙin tsakuwa daga tsauni. Baƙar ƙasa na riƙe zafin rana, inabin ya nuna da kyau. Akhasheni ta gundumar Gurjaani ita ma Saperavi ce. Aleksandrouli na Racha bai kai shi duhu da bauri ba, ƙamshinsa ya fi karkata ga jajayen 'ya'yan itatuwa, amma tsamin da sanyin tudu ya bar masa shi ke riƙe da zaƙin.

Italiya ta bi wata hanya dabam. Lambrusco, na yankin Emiliya-Romanya, kewayen Modena da Reggio Emilia, dangin inabi ne masu yawa: Sorbara mai haske da tsami, Grasparossa mai duhu da bauri, Salamino a tsakaninsu. Ana barinsa da kumfa, kumfar kuma na taimaka wa tsami wajen wanke baki. Idan aka ga kalmar amabile a jikin kwalba, ajin matsakaicin zaƙi ake nufi. A Piyemonte akwai Brachetto d'Acqui, mai ƙamshin fure, wanda ake tsayar da tsimuwarsa da wuri har barasarsa ba ta cika wuce kashi 6 ba. A Jamus kuwa Dornfelder ne, inabin da August Herold ya haɗa a Weinsberg a 1955. An yi shi ne da farko don ya ƙara wa giyar Jamus launi, daga baya ya zama mai cin gashin kansa, ana sayar da mai zaƙinsa da alamar lieblich.

Rainin da ake yi wa wannan aji yana da tarihi, kuma ba duka ne zalunci ba. A shekarun 1970 da 1980 Lambrusco mai zaƙi na kamfanin Riunite ya mamaye kasuwar Amurka har mutane suka ɗauka duk Lambrusco haka yake, lemo mai ɗan ƙarfi. A 1985 aka bankaɗo wasu 'yan kasuwar Ostiriya suna zuba sinadarin dayetilin gilaikol, dangin wanda ake hana ruwan inji daskarewa da shi, don giyarsu ta yi zaƙi da kauri. Cinikin giyar ƙasar a waje ya durƙushe, ta kuma kafa doka mai tsanani bayan haka. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet sunan Khvanchkara da Kindzmarauli ya yi tsada har jabunsu ya cika kantuna. Rasha, wadda ita ce babbar mai saye, ta haramta shigo da giyar Jojiya a 2006 lokacin da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, ba a janye haramcin ba sai 2013. Wannan bugu ya tilasta wa masu sana'ar neman sababbin kasuwanni da tsaurara sa ido kan inda kowace kwalba ta fito. Abin lura shi ne, a duk waɗannan labaran sukari ya zama abin zargi ne saboda yana da sauƙin ɓoye ha'inci.

A kan tebur, dokokin nan na baki su ne dai ke aiki, ba wani sihiri. Gishiri shi ne babban abokin zaƙi. Yana danne ɗaci, yana fito da ƙamshin 'ya'yan itace. Mutanen Emiliya-Romanya ba su karanta wannan a littafi ba: a ƙasarsu ake yin cukun Parmigiano Reggiano da busasshen nama mai gishiri da kitse, kuma Lambrusco ya tashi a gefen waɗannan abinci ne. Tsaminsa da kumfarsa na yanke maiƙo, zaƙinsa na tarbar gishirin. Haka mutanen Ingila ke haɗa cukun Stilton mai shuɗin jijiya da Port. Cuku mai ƙarfin wari da gishiri yana iya murƙushe jar giya marar zaƙi ya bar ta da ɗaci kawai, amma mai ragowar sukari tana jure masa.

Barkono kuma labarinsa ya fi ban sha'awa. Sinadarin da ke cikinsa yana taɓa jijiyar da ke jin zafin wuta a baki, barasa kuwa na ƙara wa wannan jijiya saurin amsawa. Saboda haka giya mai kashi 14 ko 15 tana rura wutar yaji, baurinta ya ƙara tsanani. Mai matsakaicin zaƙi tana da sassauci ta fuska biyu: barasarta ta ragu tun da ba a bar yis ya gama ba, sukarinta kuma na lallashin harshe. Shi ya sa ake yawan ba da shawarar ta ga girkin Indiya, Tailan ko lardin Sichuwan na Sin. Haka nan duk naman da aka gasa da miya mai zaƙi-zaƙi, ko agwagwar da aka dafa da 'ya'yan itace. Idan abinci ya fi giya zaƙi, giyar sai ta koma tsami da ɗaci a baki, don haka sukarin da ke cikin kwalba kariya ce.

Wannan ƙa'ida ce kuma ke nuna iyakarta. Mutane da yawa na ɗauka tun da tana da zaƙi, wurinta wajen kayan zaƙi ne. Amma kek mai kirim ko alewa sun ninka giram 40 a lita sau da yawa, suna shafe ta gaba ɗaya. Abin da take iya tsayawa da shi shi ne mai zaƙi kaɗan: baƙar cakulan mai ɗaci, ɗanyun 'ya'yan itace, busassun ɓaure, ƙwayar walnat, wato ɗan wata bishiya mai taurin ɓawo da ake ci kamar gyaɗa. A Jojiya walnat na shiga girki da yawa, daga satsivi, wato kaza ko talotalo cikin miyar walnat da tafarnuwa, har churchkhela, walnat da aka jera a zare aka tsoma cikin dafaffen ruwan inabi ya bushe. Walnat na da nasa baurin da kuma mai, kuma ragowar sukari na sassauta haɗuwar baurin biyu. Inda ba ta da sa'a shi ne kifi marar ƙarfin ɗanɗano da sauran kayan teku. Launi da baurin Saperavi sun fi ƙarfinsu, kuma ƙarfen da ke cikin wasu jajayen giya na haɗuwa da man kifi ya bar ƙarni a baki.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, domin yana cikin yanayin abin sha ɗin kansa. Zuma da zaƙi take da harbi. Sukarin da ke ɓoye tsami da ɗaci yana ɓoye zafin barasa ma, sai mutum ya sha da sauri fiye da yadda zai sha marar zaƙi, alhali kashi 11 ko 12 ba ƙaramin ƙarfi ba ne, ya ninka na yawancin giyar sha'ir. Kowane giram na barasa na ɗauke da kalori 7, na sukari 4, ga su a kofi ɗaya, abin da ya shafi mai ciwon sukari kai tsaye. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin shanta da za a kira marar haɗari ga lafiya. Jan launi ko sunan ƙauye mai tarihi bai cire kwalba daga wannan hukunci ba.

Masu sana'ar na ba da ita da ɗan sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da yadda ake ba da sauran jajayen giya. Ɗumi na kumbura zaƙi har ya yi nauyi, sanyi mai yawa kuma na fito da bauri ya rufe ƙamshi, don haka tazarar da ke tsakani ba ta da faɗi. Yawancinsu ba a yi su don a ajiye shekaru ba, ana shan su ne suna sababbi. Da an buɗe kwalba kuwa, aikin matata ya ƙare. Iska ta shiga, ƙwayoyin yis da na tsami da ke yawo a ɗaki sun sami ƙofa, ga giram 40 na abinci yana jiransu. Shi ya sa ake mayar da murfi a sa ta a firiji, a cikin sanyi irin wanda ya fara tsayar da su a ɗakunan ajiya na Racha.